Yadda Ake Kula da Jerin Masu Karɓar Wasiƙar Imel

Duk wasiƙar labarai da ka aika ta imel, ta ƙungiya ce, ta kasuwanci ko ta makaranta, sai ta bi ta hannun alƙalai biyu. Na farko mai karatu. Na biyu kuwa ba ka ganinsa, shi ne kamfanin da ke riƙe da akwatin mai karatun: Gmail, Yahoo ko Outlook. Su ke yanke hukuncin ko saƙonka zai sauka a babban akwati, ko a wurga shi na tarkace, wanda aka rubuta wa Spam, inda ba kowa ke leƙawa ba. Kuma ba daɗin rubutunka ya dame su ba. Halin mutanen da ke jerinka suke aunawa: nawa suka buɗe, nawa suka goge ba su karanta ba, nawa suka kai ƙararka, adireshi nawa ne matattu. Shi ya sa mai mutum 800 da suka nemi wasiƙar da kansu yakan fi mai adireshi 20,000 tsintattu isa ga jama'a. Aikin mai jeri shi ne ya tsare ƙofar shiga, ya bar ta fita a buɗe, ya riƙa shara a kai a kai.

Bar akwatinka na kanka

Yawancin mutane suna farawa ne da jera adireshi a layin Bcc na Gmail ɗinsu, wanda ke ɓoye wa masu karɓa adireshin juna. Idan mutum 30 ne, ba laifi. Da sun haura 100, wahala ta soma. Asusun Gmail na kyauta ba ya barin ka wuce mutum 500 a rana, in ka ƙetare a tsayar maka da aikawa na wani lokaci. Babu hanyar da mutum zai cire kansa, babu mai riƙe maka lissafin saƙonnin da suka dawo. Ranar da hannu ya goce ka zuba adireshin a Cc maimakon Bcc, kowa ya ga na kowa, kuma wannan ba ya janyuwa.

Akwai manhajojin da aka gina don wannan aiki: Mailchimp, MailerLite, Kit, Substack, Beehiiv, da Brevo wadda ake kira Sendinblue kafin 2023. Mai sabar tasa, wato kwamfutar da ke aiki a intanet dare da rana, in ya iya sarrafa ta, yana iya ɗora Listmonk kyauta. Kafin ka zaɓa, duba yadda suke lissafin kuɗi, domin a nan suka fi bambanta. Wasu yawan adireshin da ka ajiye suke ƙirgawa, wasu yawan saƙon da ka aika. A Mailchimp, wanda ya cire kansa ma yana cikin lissafin kuɗinka har sai ka mayar da shi ma'ajiya, inda ake ajiye waɗanda ba a aika musu. Kuɗin nan da dala ko yuro ake biya, don haka duk mataccen adireshin da ka bari, naira ko sefa kake zubarwa. Sannan ka tabbatar manhajar tana ba ka damar sauke jerinka gaba ɗaya duk lokacin da ka so. Wadda ba ta bari, kada ka shiga.

Ka shaida wa duniya cewa kai ne mai aikawa

Wannan mataki ne ake tsallakewa saboda yana da kama da aikin injiniya, alhali bai fi na rabin awa ba. A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Duk mai aika saƙo kusan 5,000 a rana zuwa akwatunan Gmail dole ya kafa SPF, DKIM da DMARC, hanyoyi uku na tabbatar da mai aikawa da za mu bayyana a ƙasa, ya ba mutane damar fita da latsawa ɗaya, ya kuma riƙe ƙorafi ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. Microsoft ta biyo baya da irin nata a watan Mayun 2025. Ko ba ka kai 5,000 ba, kafa SPF, DKIM da DMARC duka, domin ƙananan masu aikawa ma ana neman aƙalla SPF ko DKIM daga gare su.

Da farko ka mallaki domen naka, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin da za ka riƙa aikawa da shi. Kada ka sa adireshin Gmail ko Yahoo a matsayin mai aikawa a cikin wata manhaja. Ba ka da iko a kan waɗannan sunaye, ba za ka iya sa musu hannu ba, kuma Yahoo tun 2014 ta umarci sabobin duniya su ƙi karɓar saƙon da ke ɗauke da sunanta amma bai fito daga wurinta ba.

Shiga saitin manhajar, nemi wurin tabbatar da domen. Za ta ba ka layuka biyu zuwa huɗu, irin TXT ko CNAME. Kwafe su, ka je shafin kamfanin da ka sayi domen, ka buɗe sashen DNS, wato inda ake rubuta bayanan da sabobin duniya ke karantawa game da domen ɗinka, ka liƙa kowanne a gurbinsa. SPF jerin sabobin da ka yarda su aika da sunanka ne. DKIM sa hannu ne na lissafi da ke nuna ba a taɓa saƙon a hanya ba. DMARC shi ke gaya wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi jarrabawar. Don shi, buɗe sabon layin TXT mai suna _dmarc, ka rubuta v=DMARC1; p=none a ciki. Wannan ya wadatar a farko, sai ka tsaurara bayan ka tabbatar duk saƙonninka na gaskiya suna wucewa.

Abubuwan da ke ɓacewa a nan sanannu ne. Domen ɗaya layin SPF ɗaya yake ɗauka. Idan da ma akwai na imel ɗin ofis, kada ka ƙara na biyu, haɗa sabon cikin tsohon, domin biyu tare suna kashe juna. SPF kuma ba ya jure a leƙa DNS fiye da sau 10 wajen tantance shi, kuma manhajojin da ka lissafa a cikinsa suna ƙara yawan leƙen, don haka cire tsofaffin manhajojin da ka daina amfani da su. Wasu shafukan DNS suna ƙara sunan domen da kansu a ƙarshen abin da ka rubuta, in ka rubuta shi cikakke sai ya fito sau biyu. Canjin yakan kama cikin mintoci, wani lokaci ya kai kwana biyu. Don gwaji, aika wa kanka saƙo zuwa Gmail, ka buɗe shi a kwamfuta, ka danna ɗigo ukun nan, ka zaɓi ganin asalin saƙo. Kana son ganin PASS a gaban duka ukun.

Ƙofar shiga

A nan ake cin nasara ko a faɗi, don haka za mu daɗe a kai.

Fom ɗin rajista ya zama gajere: adireshin imel, sai suna in kana buƙata. Kowane gurbi da ka ƙara yana korar wasu, musamman masu cikawa a waya. A saman maɓallin ka faɗi gaskiyar abin da za a aiko da kuma sau nawa, misali “Farashin kayan gona da labaran kasuwa, kowace Litinin.” Wanda aka yi wa alƙawarin sau ɗaya a mako ya ga saƙo kullum, ƙara zai kai. Idan akwai akwatin amincewa, bar shi fayau mutum ya latsa da kansa.

Sannan kunna tabbatarwa sau biyu. Ma'anarta, bayan mutum ya cika fom, saƙo zai je akwatinsa ɗauke da mahaɗi, kuma ba zai shiga jeri ba sai ya danna. Ana yawan ƙin wannan saboda yana rage adadi, kuma gaskiya ne yana ragewa. Amma dubi su wa yake ragewa. Akwai masu rubuta gmial.com, gamil.com ko gmail.con. Akwai masu sa www a gaban adireshi don sun ɗauka haka ake yi. Akwai wanda abokinsa ya sa shi ba da saninsa ba. Akwai kuma rukuni mai yawa a wajenmu: wanda mai shagon waya ya buɗe masa Gmail ranar da ya sayi wayar don ya iya sauke manhajoji, ya san adireshin, amma bai taɓa buɗe akwatin ba. Duk waɗannan ba masu karatu ba ne. Idan suka shiga jeri, abin da Gmail zai gani shi ne kana aika wa mutanen da ba su kula ka.

Don kada na kirki su maƙale a hanya, shafin da ke fitowa bayan cika fom ya ce a fili: “Saura mataki ɗaya. Buɗe imel ɗinka ka danna mahaɗin da muka aiko. In ba ka gani ba, duba akwatin Spam.” Saƙon tabbatarwar ya zama layi biyu da maɓalli ɗaya babba, babu hotuna babu talla. Wanda bai danna ba, tuna masa sau ɗaya bayan kwana ɗaya ko biyu. Bayan kwana 30, goge shi.

Ga kowane mutum ka ajiye shaidar yardarsa: rana da lokaci, wane fom ya cika, da kalmomin da ke jikin fom ɗin a lokacin. Yawancin manhajoji suna yi da kansu, kai dai ka tabbatar wannan bayani yana fitowa idan ka sauke jerin. Ba don tsafta kaɗai ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 kuma hukumar NDPC ke kula da ita, ta ɗora wa mai tara bayanai nauyin nuna cewa an ba shi izini, ta ce shiru ba amincewa ba ne, ta kuma ba mutum ikon hana a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa talla. Idan kana da masu karatu a ƙasashen Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a watan Mayun 2018 tana iya shafarka.

Takardar da ake zagayawa da ita a taro tana da nata ciwon kai. A rubutun hannu, lamba 1 da harafin l suna kama, sifili da harafin o haka, ɗigon tsakiyar suna kuma yakan ɓace. Gara ka buga lambar QR da ke kai mutum fom ɗin. In dole sai takarda, a sa gurbi daban mai cewa “Ina son a riƙa aiko min wasiƙar”, domin rubuta suna a takardar halarta ba neman wasiƙa ba ne. Shigar da adireshin cikin kwana biyu tun mutane na tuna taron, ka bi da su ta saƙon tabbatarwa.

Sayen jeri kuwa, ko karɓar na wata ƙungiya, ko kwashe adireshi daga shafukan intanet, kada ka kusance shi komai arha. Kusan duk manhajojin da muka ambata sun haramta shi kuma suna rufe asusu a kansa. Irin waɗannan jerin suna ɗauke da adireshin tarko, waɗanda ba na kowa ba ne, ƙungiyoyin yaƙi da saƙon banza irin su Spamhaus da kamfanonin imel suka baza su don kama masu aikawa ba izini. Wasu kuma tsofaffin akwatuna ne da aka yi watsi da su aka mayar tarko. Faɗawa ɗaya daga ciki kan iya sa domen ɗinka cikin baƙin littafi, har imel ɗin ofis na yau da kullum ya daina isa.

Idan ka wayi gari ka ga rajista 400 cikin dare ɗaya, sunaye haruffa ne barkatai, kada ka yi murna. Manhajojin ɓarna ne suka samu fom ɗinka. Dakatar da shi, goge duk waɗanda suka shigo a lokacin, ka sa masa abin tantance mutum irin reCAPTCHA ko Turnstile.

Jeri ɗaya, lakabi da yawa

Kuskuren da ke wahalar gyarawa daga baya shi ne buɗe jeri daban ga kowane abu: na Kano, na Kaduna, na taron bara, na masu saye. Mutum ɗaya zai shiga uku, ya samu saƙo iri ɗaya sau uku, ya cire kansa daga ɗaya sauran biyun su ci gaba. A manhajar da ke ƙirga adireshi, kai ma sau uku za ka biya a kansa.

Riƙe babban jeri guda. Bayanin da kowa ke da amsa ɗaya a kansa, kamar suna, gari, ko harshen da yake so, sa shi a gurbi. Abin da mutum zai iya tara da yawa, kamar ya halarci taro kaza ko ya sayi kaya kaza, liƙa masa lakabi. Idan za ka aika wa wani ɓangare, sai ka ware rukuni da sharaɗi: mazauna Maraɗi da suka danna wani abu cikin wata uku, misali. Rukunin yana sabunta kansa. Ka tsayar da salon rubuta lakabi tun farko ka rubuta shi a wuri ɗaya, in ba haka ba bayan shekara za ka tarar da “Taro”, “taro” da “taron-bara” duk abu ɗaya suke nufi.

Batun suna yana son lura. Manhaja za ta saka abin da ke gurbin suna a gaisuwa. Idan gurbin fanko ne, saƙo zai fara da “Salam ,” da waƙafi a rataye, don haka saita madadin kamar “mai karatu”. Sannan dattijo ko Hajiyar da kowa ke girmamawa ba za su ji daɗin a kira sunansu gatsau ba. Maimakon “sunan farko”, tambayi “Yaya za mu kira ka?”, mutum ya rubuta Malam wane ko Hajiya wance da kansa.

Shigar da jeri daga fayil

Jeri yana tafiya tsakanin manhajoji ne a fayil ɗin CSV, wato jadawalin da aka adana a rubutu zalla, kuma a nan Hausa ke shan wahala. Idan ka adana shi a Excel da CSV na gama-gari, haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sukan koma alamar tambaya, sai Ɗanladi ya zama ?anladi, kuma da ka rufe fayil ɗin ba sa dawowa. Zaɓi CSV UTF-8 a wurin adanawa, ko ka yi aikin a Google Sheets, wanda da ma da UTF-8 yake fitarwa.

Excel yana cinye sifilin farkon lambar waya, 080 ta koma 80, sai dai in ka mayar da layin ya zama na rubutu kafin ka zuba lambobin. Kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, Kamaru da Cadi, tana raba gurabe da waƙafi mai ɗigo maimakon waƙafi, sai manhaja ta ga komai a dunƙule a gurbi ɗaya. Kwanan wata ma yana ruɗarwa: 03/04 uku ga Afrilu ne a wurinmu, huɗu ga Maris a manhajar Amurka. Rubuta shekara, wata, rana, kamar 2025-04-03.

Kafin ka ɗora, yi amfani da umarnin TRIM na Excel ko Google Sheets ka cire sararin da madannin waya ke ƙarawa a ƙarshen adireshi, da LOWER ka mayar da su ƙananan haruffa, sannan ka cire maimaici. Jera adireshin bisa abin da ke bayan @, nan take gmial da yahoo.con za su fito fili. Gwada layi 10 tukuna, ka buɗe su a manhajar ka ga kowane abu ya sauka a gurbinsa, sannan ka ɗora sauran.

Saƙon maraba

Ya tafi nan take bayan tabbatarwa. Faɗi wane ne kai, ranar da wasiƙa ke fitowa, da yadda ake fita. Roƙi mutum ya ajiye adireshinka ko ya amsa da layi ɗaya, domin amsa tana nuna wa Gmail cewa akwai sanayya tsakaninku.

Ƙofar fita

Wanda ya gaji da wasiƙarka yana da maɓalli biyu a gabansa: na cire suna da na kai ƙara. Na farko mutum ɗaya yake rage maka. Na biyu yana cutar da isar saƙonka ga duk sauran. Saboda haka duk dabarar ɓoye mahaɗin fita, ƙananan haruffa, launi mai dishi-dishi, neman kalmar sirri, tambayoyi biyar kafin a sake ka, kanka take ci.

Yi lissafin. Kashi 0.3 cikin ɗari mutum 3 ne cikin 1,000, kuma Google ya ce a yi ƙoƙarin zama ƙasa da 0.1, wato mutum 1 cikin 1,000. Mai aika wa mutum 2,000, ƙorafi 6 ya kai shi bakin iyaka. Gmail ba ya gaya maka wane ne ya kai ƙarar, jimilla kawai za ka gani a shafin Google mai suna Postmaster Tools, wanda ake rajistar domen a cikinsa kyauta, ko da yake ba ya nuna komai sai yawan aikawarka ya kai wani mizani.

Mahaɗin fita ya kasance a ƙasan kowane saƙo, da Hausa bayyananna. Duba kuma ko kalmar cire suna tana fitowa a sama kusa da sunan mai aikawa a Gmail. Manhajar ce ke saka wannan a kan saƙon, kuma shi ne fita da latsawa ɗaya da ake nufi. Google na so a cika buƙatar cikin kwana biyu. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta ba da kwanakin aiki 10, ta kuma wajabta adireshin gidan waya a jikin saƙo, shi ya sa manhajojin can ke matsa maka ka cika shi.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: Gmail yana datse saƙon da lambar gininsa ta wuce kilobayit 102, ya ɓoye ƙarshensa, inda mahaɗin fita yake. Rage tsawo, kuma kada ka kwafo rubutu kai tsaye daga Word, yana jawo tarkacen da ba a gani.

Masu karatu da yawa ba za su nemi mahaɗi ba, amsawa za su yi: “Don Allah ku daina turo min.” Don haka adireshin amsa ya zama wanda mutum ke dubawa, a cire su a ranar. Wanda ya fita, kada ka goge shi kwata-kwata. Bar shi da alamar ya fita, domin wannan alama ce za ta hana shi sake shigowa ranar da wani ya ɗora tsohon fayil. Sai in shi da kansa ya nemi a shafe bayanansa. A shafin fita kana iya ba da zaɓin sau ɗaya a wata ko hutun wata biyu, amma maɓallin fita gaba ɗaya ya fi kowanne fitowa fili.

Saƙon da ya dawo

Iri biyu ne, kuma lambar da sabar ta maido ce ke bambanta su. Mai farawa da 5 ƙi ne na dindindin. 550 5.1.1 na nufin babu wannan adireshi, a cire shi nan take, kada a sake gwadawa. Mai farawa da 4 na ɗan lokaci ne: sabar ta cika aiki ko akwati ya cika. Cikar akwati ta yawaita, domin gigabayit 15 na kyauta da Google ke bayarwa Gmail, Drive da hotuna ke rabawa, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ta shiga lissafin. Irin wannan a ba shi dama, amma wanda ya dawo sau huɗu ko biyar a jere a dakatar da shi.

Lura da masu ɗauke da 5.7. Waɗannan ba laifin adireshin ba ne, kai aka ƙi, saboda sa hannunka bai daidaita ba ko sunanka ya ɓaci. Goge mutanen ba ya magance komai, koma ka duba DNS da inda sababbin adireshinka suka fito. A ƙa'idar da masu sana'ar ke bi, idan abin da ya dawo ya wuce kashi 2 cikin ɗari a aikawa ɗaya, a tsaya a bincika.

Jeri yana tsufa ko ba ka yi laifin komai ba. Ma'aikaci ya bar aiki, ɗalibi ya gama makaranta, kuma tun Disambar 2023 Google ya fara goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba. Jerin da ya kwana shekara ba a aika masa komai ba, kada ka tashe shi da aikawa ga kowa lokaci ɗaya. Fara da sababbin shiga, kaɗan kaɗan.

Waɗanda suka yi shiru

Manhaja tana gane an buɗe saƙo ne ta wani ɗan ƙaramin hoto da ido ba ya gani. Wannan ma'auni yana ƙarya ta fuska biyu. Tun Satumbar 2021 manhajar imel ta Apple take ɗauko hotunan da kanta ga waɗanda suka kunna kariyar sirri, sai a rubuta an buɗe ko ba a buɗe ba. A ɗaya ɓangaren, wanda ya kashe hotuna don tattalin data yana iya karanta kowace wasiƙa a rubuta bai taɓa buɗewa ba. Saboda haka kada ka yanke hukunci da buɗewa kaɗai. Haɗa da danna mahaɗi, amsawa, da saye ko halarta.

Ga wasiƙar mako-mako, ware waɗanda ba su buɗe ba kuma ba su danna komai ba cikin wata shida. Ga ta wata-wata, ba su shekara. Cire sababbin da ba su kai wannan lokaci ba daga rukunin. Aika musu saƙo gajere mai tambaya ɗaya, “Mu ci gaba da aiko maka?”, da maɓalli ɗaya. Bayan mako ka maimaita, ka faɗi ranar da za ka daina. Wanda ya danna, sa masa lakabi ya koma cikin masu rai. Sauran a mayar da su ma'ajiya. Kaɗan ne za su amsa, kuma adadin jerinka zai faɗi ƙasa warwas, abin da ke da wuyar bayani ga shugaban da ke son ganin babbar lamba a rahoto. Nuna masa kuɗin wata da ya ragu da yawan masu dannawa, waɗanda ba za su ragu ba. Yi wannan shara sau biyu a shekara.

Tsaro da ƙaura

Jerin amana ce. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, kowane ma'aikaci ya samu nasa mashigi da iyakar abin da zai iya taɓawa, wanda ya bar aiki a rufe nasa a ranar. Kada fayil ɗin ya yi yawo a WhatsApp, kada a bar shi a kwamfutar shagon buga takardu. Sauke kwafi sau ɗaya a wata ka ajiye a wuri mai kulle. Idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da mutane, dokar Najeriya ta 2023 ta ba da awa 72 a sanar da NDPC.

Ranar da za ka koma wata manhaja, sauke fayil uku daban: masu karɓa, waɗanda suka fita, da waɗanda saƙonsu ya dawo. A sabuwar manhajar fara ɗora na biyu da na uku a matsayin waɗanda ba a aika musu, sannan masu karɓa. Wanda ya juya wannan tsari, ko ya manta da fayil na biyu, zai aika wa mutanen da suka ce a ƙyale su shekaru da suka wuce. Sabunta SPF da DKIM, canza duk fom ɗin da ke shafinka da mahaɗan da ka baza a Facebook da sauran wurare, in ba haka ba sababbin mutane za su ci gaba da zuba a tsohon asusu. Kada ka aika wa kowa a makon farko. Fara da 'yan ɗaruruwan da suka fi dannawa, ka riƙa ninkawa a kowace aikawa matuƙar dawowa da ƙorafi ba su tashi ba. Tsohon asusun kuma bar shi a raye aƙalla kwana 30, domin mahaɗan fita da ke cikin tsofaffin wasiƙu a can suke aiki. Kafin ka rufe shi, sake sauke waɗanda suka fita a wannan tsakanin ka ƙara su a sabon.